Hayar lambobin waya don tallan ragunan Layya: dillalin ya ci la'ada, ni na sha zagi

Masu sana'ar dabbobi a Legas, wannan sharhin naku ne, musamman waɗanda ake ta zugawa su nemi lambobin waya a hannun dillalai don tura talla ta tes. Ni na gwada a Layyar bana.

Raguna nake saukowa da su daga Arewa, turkena yana wajen Oko-Oba a Agege. Masu kuɗin Lekki da Ajah ba sa son shiga cunkoson wannan ɓangaren, sun fi so a kai musu har ƙofar gida, shi ya sa na nemi hanyar shiga wayoyinsu. Aka haɗa ni da wani matashi mai ɗan ofis a Ikeja, kuma gaskiya da farko ya burge ni. Bai ɓoye mini ba cewa lambobin ba nasa ba ne, na wasu kamfanoni ne da suka tara daga abokan cinikinsu. Nasa shi ne ya nemo jerin da ya dace da hajata, a tace mini unguwa-unguwa, ya ci la'adarsa. Kuɗin a kan kowace lamba dubu ake lissafa shi, kuma haya ce, sau ɗaya ake turawa. Har ya gargaɗe ni cewa sun cusa lambobin tarko a ciki, in na sake turawa ba izini saƙon zai faɗa wayarsu su caje ni. Na ce ba komai, mu da muka tashi a kara ba za a koya mana dillanci ba.

Ana saura mako guda Sallah saƙon ya fita da hantsi. Kafin azahar wani Alhaji Bayarabe daga Ajah ya kira, muka daidaita a kan manyan raguna biyu, har ya ce in turo lambar asusu. Na tura, na sa yara suka ware masa su gefe, aka wanke su. Shiru. Bayan la'asar sai ga hoton allon wayarsa ta WhatsApp: tallana a sama, a ƙarƙashinsa tallan wani mai raguna, kalamai kusan iri ɗaya har da alkawarin kaiwa gida kyauta, farashi kuma ƙasa da nawa. Lambar da ke jiki ban ma tsaya dubawa sau biyu ba, ta maƙwabcin turkena ce, mutumin da muke sallah sahu ɗaya. Wato jeri ɗaya yaron nan ya ba mu haya mu biyu a wuni ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rubutun. Ni na zauna da ɗana muka tsara shi, dillalin ya ce in turo masa tukuna mai lambobin zai duba, ashe shi za a ɗan taɓa a miƙa wa wani.

Na kira dillalin. "Alhaji, ka yi haƙuri, ai ba mu yi da kai cewa kai kaɗai za a ba wa ba." Na ce to dubawar da aka yi wa tallana ta mece ce? A inda sana'ar nan ta zauna da gindinta, irin Amurka, mai jeri yana duba talla ne kafin ya amince, kuma akan tsayar wa mai haya ranar turawa don kada masu haja iri ɗaya su yi karo a kan mutum ɗaya. Shi ya san ya dasa tarkon da zai kare mai lambobin daga gare ni, amma ni da na biya ba abin da ya kare ni. Maƙwabcin nawa bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ma cewa aka yi masa sabon jeri ne. Da daddare muka zauna muna gwada rasit kamar kishiyoyin da suka gano asirin miji.

In za a yi adalci, ba asara zalla na yi ba. Na samu masu saye daga wasu rukunin gidaje a Lekki da ba zan taɓa isa gare su da ƙafa ba, kuma duk wanda ya amsa ya zama nawa, ina iya kiransa baɗi ba sai na biya kowa ba. Tace unguwannin ma ya yi daidai. Don haka na so in ba shi tauraro uku cikin biyar.

Amma da na sake buɗe rahoton isar saƙonni yanzun nan, uku ta yi masa yawa. Layi bayan layi an rubuta bai isa ba. Tun 2016 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba mutane damar tura STOP zuwa 2442 su toshe tallace-tallace, ga kuma layukan da aka rufe a 2024 saboda rashin haɗa su da NIN. Duk wanda yake wannan sana'a ya san da haka, ya kamata a share irin waɗannan kafin a ƙirga mini dubu. Da su aka ƙirga. Da na yi magana, sai ya koma "ba ni na tara su ba, Alhaji". Lokacin karɓar kuɗi shi ne mai magana da yawun jerin, lokacin ƙorafi ɗan aike ne.

Sai kuma matar da ta kira ana gobe Arfa, ta wanke ni tas da Turanci, wa ya ba ni lambarta, ta ce za ta kai ƙarata hukumar kare bayanan jama'a, NDPC. Tana da gaskiyarta, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, kuma sunana da lambata ne a jikin saƙon, na dillalin bai fito ko'ina ba. Na nemi ya nuna mini shaidar cewa mutanen nan sun yarda a tura musu talla, har yau yana tambayo mini.

Tauraro biyu. Wanda ya dage sai ya yi, ya sa a rubuta masa a takarda cewa ba za a ba wani mai irin hajarsa jerin ba a wannan makon, kuma kuɗin saƙon da bai isa ba zai dawo. Nawa bai dawo ba. Abin da ya ƙaru shi ne tun bayan Sallah wayata ba ta huta da tallan filaye a Epe da na bashin gaggawa ba, a kan layin da na rubuta masa a fom ɗin ofishinsa.