Ƙwayar bitamin D3 da ciwon endometiriyosis: abin da ta yi min da abin da ba ta yi ba

Mata da yawa na tambayata wai ƙwayar bitamin D3 ɗin nan da ake ta tallatawa tana maganin endometiriyosis kuwa, to bari in faɗi gaskiyar abin da na gani tunda ni dai ina shanta kuma ciwon ma ina da shi.

Ga wadda ba ta sani ba, ciwon shi ne wani nama irin wanda ke shimfiɗe cikin mahaifa ya je ya tsiro a waje, kan ƙwan mace ko bututun mahaifa ko jikin hanji, duk wata in al'ada ta zo shi ma sai ya kumbura ya yi jini kuma jinin ba hanyar fita. Shi ya sa ciwon marar ba irin wanda aka saba ba ne, ni har amai nake yi in durƙusa a ƙasa da jarkar ruwan zafi a mara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa ke da shi, wajen mata miliyan 190 kenan, amma mu nan sai a ce miki raki ne, ki yi haƙuri in kin yi aure kin haihu zai wuce. Wallahi wannan maganar tana ƙona min rai.

Likitata ce ta tura ni awon bitamin D a jini, sakamako ya fito ƙasa da 20, wanda shi ne ake kira ƙaranci. Na yi mamaki, duk ranar da muke sha a arewa? Ta ce min Hajiya ai rana sai ta taɓa fata, ke kuma daga ɗaki sai ofis, in kin fito hijabi har ƙasa, ga baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara kafin jiki ya haɗa bitamin ɗin. Ta rubuta min ƙwayar D3 mai 1000 IU, IU ɗin shi ne ma'aunin ƙarfin bitamin.

Ƙwayar kanta ba ni da ƙorafi a kai. 'Yar ƙarama ce mai mai a ciki, ruwan zuma, ba ɗaci ba wari, haɗiyarta ba wuya, kuma kwalba ɗaya na daɗewa. Bayan abinci mai maiƙo nake sha, kamar shinkafa da miya ko wainar ƙwai, don da mai take narkewa jiki ya ɗauka. Matsalarta ɗaya zafi, in kin bar ta a mota ko kan taga lokacin bazara sai ki tarar sun manne da juna. A kemis mai rajista na saya kuma sai da na duba lambar NAFDAC.

Bayan 'yan watanni kasalar nan da ciwon ƙashin baya da ƙafafu sun ragu sosai, da aka sake awo ma ya hau. Amma ciwon mara lokacin al'ada yana nan fa, sai da aka ɗora ni kan maganin homon tare da ibuprofen sannan na samu sauƙi na gaske.

Kuma binciken ma haka yake, bai tsaya waje ɗaya ba. Akwai wani babba da aka yi kan ma'aikatan jinya sama da 70,000 a Amurka, ya fito a 2013, ya nuna waɗanda ake hasashen bitamin D ɗinsu ya fi yawa haɗarin kamuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 24 cikin 100. To amma a wani gwaji da aka yi a Boston, wanda ya fito a 2020, aka ba 'yan mata masu ciwon 2000 IU kullum wata 6, ciwo ya ragu, sai dai su ma waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a ciki nasu ya ragu kusan daidai. A Iran ma wani gwajin ya ga sauƙi wani bai gani ba. Alaƙar dai ana zarginta don bitamin D na da hannu a garkuwar jiki da kumburi, amma ba wanda ya tabbatar tana warkarwa.

Abin da ya fi damuna masu sayarwa a WhatsApp, suna turo mai 50,000 IU wai a sha kullum a haihu. Don Allah 'yar uwa kar ki yarda. Iyakar da aka sa wa babba ba tare da kulawar likita ba 4000 IU ne a rana, in ta yi yawa taruwa take a jiki ta ɗaga kalshiyam a jini, har tsakuwar ƙoda tana kawowa. Mai ƙarfin nan likita ne ke bayarwa, galibi sau ɗaya a sati na ɗan lokaci.

Ni dai zan sake saya, don ƙarancin da nake da shi ta gyara. In awonki ya fito daidai ki adana kuɗinki ki kai wajen likitan mata a yi miki sikanin, ki riƙa cin kifi titus da sadin da gwaiduwar ƙwai, ki ɗan zauna a tsakar gida rana ta taɓa hannu da ƙafa. Allah ya ba mu lafiya.