Labulen Zorki 4 ya huje: a liƙe shi ko a sauya sabo?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi tsohuwar kyamara Zorki 4, da aka wanke fim sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo a hotunan, wasu kuma gefe ɗaya ya yi duhu. Kana tambaya ko ka liƙe labulen ko ka sauya shi. Matsala biyu ce a hannunka, kuma ɗigon ne kaɗai ya shafi wannan zaɓi.

Masana'antar KMZ ta Tarayyar Sobiyat ce ta ƙera Zorki 4 daga 1956 zuwa 1973, wato labulenka ya haura shekara 50. Labule biyu ne na ƙyalle da aka shafe da baƙar roba, suna tsaye a gaban fim suna tare haske. Na farko yana buɗewa, na biyu ya biyo shi ya rufe, haske ya ratsa ta tsagar da ke tsakaninsu. Kafin komai, cire gilashin gaba da murfin baya, ka shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila. Duba labule ɗaya, ka ɗana kyamarar (wato ka murɗa abin jan fim kamar za ka ɗauki hoto), ka duba ɗayan.

Liƙi ya dace idan ramukan kaɗan ne kuma ƙyallen yana da laushi. Sau da yawa irin wannan rami ƙuna ce. Zorki ba ta da madubi a ciki da zai kare labulen kamar na kyamarar Zenit, don haka in aka bar ta tana kallon rana ba murfi, gilashin yana tara zafi a wuri guda har ya huda labulen. A nan baƙin fentin yadi ya isa. Ka ɗiba da bakin tsinken sakace, ka taɓa ramin kawai, ka bar shi ya bushe kwana guda ko fiye kafin ka ɗana. Kada ka yi masa kauri, domin labulen naɗewa yake yi, fenti mai yawa zai manne ko ya rage masa gudu. Kuɗin kaɗan ne, kuma ba sai ka kwance komai ba.

Sauyi kuwa ya zama dole idan robar ta bushe, ta tsattsage, haske na fitowa kamar ta rariya. Zafin ƙasarmu yana saurin jawo haka. Irin wannan labule in ka liƙe nan, gobe can zai buɗe. Sai dai aikin yana da wuya. Za ka kwance kyamarar har ciki, ka samo ƙyalle mai kaurin kusan milimita 0.2, ka yanka shi daidai da tsohon, ka manna da gam. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne wurin mannawa: kafin ka ɓanɓare tsohon, yi alama a kan sandar da yake naɗewa a kai, ka ɗauki hoton kowane mataki da waya. In ya karkace ko da kaɗan ne, tsagar ba za ta miƙe ba, kowane hoto zai nuna. A ganina kada ka fara koyo da kyamarar da kake ƙauna. Nemi matacciyar kyamarar Sobiyat irin su FED ko Zenit ka gwada hannunka tukuna.

Duhun gefe ɗaya kuma daban yake. Labule na biyu ne ke cim ma na farko kafin su ƙetare, kuma an fi ganin haka a lambobin gudu mafi sauri, wato 1/500 da 1/1000 na daƙiƙa. Yawanci tsohon giris ne ya daskare, ƙura ta ƙara masa. Ina roƙonka kada ka fara da ɗaure sifirin da ke jan labulen, domin ƙarin ƙarfi yana iya tsinka tsofaffin igiyoyin labulen. A wanke, a ɗiga mai ɗan kaɗan, sannan in da sauran gyara a juya sifirin a hankali ana gwadawa. Kuma a wannan kyamara, sai ka ɗana ta kafin ka sauya lambar gudu.