Pele ko Maradona: wa ya fi wani?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Pele da Maradona wa ya fi, ka ce gardamar ta hana majalisarku tashi jiya. To, ga yadda nake ganin abin.

In lissafi za a bi, Pele ya tafi da ita. Kofin duniya uku ya ɗauka, 1958 da 1962 da 1970, kuma har yau babu ɗan wasan da ya kamo shi a wannan. Yana ɗan shekara 17 ya zura wa Faransa ƙwallo uku a wasan kusa da na ƙarshe, ya ƙara biyu a ragar Suwidin a wasan ƙarshe. Ya ci wa Brazil ƙwallo 77, Maradona kuwa 34 ya ci wa Ajantina. Sai dai a yi adalci: a 1962 Pele ya ji rauni tun a wasa na biyu, Garrincha ne ya ja ragamar har aka ɗauki kofin. A 1970 ma yana tsakiyar gwanaye, ga Jairzinho, ga Tostao, ga Rivelino, ga Gerson.

Nan ne zuciyata ta karkata ga Maradona. Duba Ajantina ta 1986, mutum nawa za ka iya kira a cikinta in ka cire shi? Ranar 22 ga Yuni, a wasan kofin duniya da Ingila a filin Azteca na Meziko, ya yi tsalle gaban mai tsaron gidan Ingila, Peter Shilton, ya tura ƙwallo raga da hannu. Wannan ha'inci ne, ba na kare shi. Amma bayan minti huɗu kacal sai ya karɓi ƙwallo tun daga ɓangarensu, ya yi ta yanke 'yan Ingila ɗaya bayan ɗaya da ƙafar hagu, ya kwantar da Shilton, ya jefa. A wannan filin dai Pele ya ɗaga kofinsa na ƙarshe shekara 16 kafin nan.

Sannan ga Napoli, ƙungiyar kudancin Italiya da ba ta taɓa cin gasar ƙasar ba. Maradona ya je ya ciyo musu sau biyu, 1987 da 1990, a gaban su Juventus da AC Milan. Pele bai taɓa bugawa wata ƙungiyar Turai ba, Santos ya yi wa kusan dukan rayuwar wasansa, ya ƙare a New York Cosmos. Ba laifinsa ba ne, a lokacin Santos ɗin tana lallasa manyan Turai, ta doke Benfica a 1962.

Ta fuskar kamun kai kuwa ba a haɗa su. Pele ya gama da mutuncinsa, Maradona ƙwaya ta ci masa ƙarshen wasa. Mu 'yan Najeriya shaidu ne, don wasansa na ƙarshe da rigar Ajantina da mu ya buga, ranar 25 ga Yuni 1994 a gasar kofin duniya a Amurka. Samson Siasia ya fara ci, Caniggia ya rama biyu. Ana tashi wata ma'aikaciyar lafiya ta shigo fili, suka fita da Maradona riƙe da hannun juna yana murmushi, aka kai shi gwaji. Sakamakon ya nuna haramtaccen magani a jikinsa, aka sallame shi daga gasar.