Jirgin Katsina zuwa Abuja a lokacin hazo

Na yi shekaru ina tuƙa jirgin dakon kaya samfurin C-130 a Rundunar Sojin Sama ta Najeriya, saboda haka kujerar fasinja ba ta yi mini daɗi, kamar yadda tsohon direba ba ya iya runtsawa a motar wani. A watan Janairun da ya gabata na bi jirgin wani kamfani daga Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina zuwa Abuja.

An sa mana ƙarfe 10 na safe, amma ba mu tashi ba sai bayan la'asar, domin hazo ya lulluɓe gari. Fasinjoji sun yi ta ƙorafi, ni kuwa ban ga laifin kamfanin a wannan jinkiri ba. Hazo ya fi hadari yaudara, domin matuƙi yakan ga ƙasa sarai idan ya leƙa ƙarƙashinsa, amma da zarar ya sunkuyo don sauka ya dubi gaba ta cikin ƙura, sai titin jirgin ya ɓace masa ɓat. Na taɓa kewaya filin Maiduguri sau biyu da sojoji maƙil a bayana, ina ganin rufin gidaje amma ba na ganin inda zan ɗora taya, har na haƙura na juya Kano.

Inda kamfanin ya gaza shi ne wajen bayani. Mun shafe sa'o'i a zaune babu ma'aikacin da ya fito ya faɗi dalili, kuma duk wanda ya tambaya amsarsa ɗaya ce: «Sai haƙuri, Alhaji.» Ko ruwa ba a raba ba, alhali akwai tsofaffi da masu zuwa ganin likita a cikinmu.

Cikin jirgin tsaf yake, kujerun ba su matse gwiwa ba, sannan mutum yana jin maganar maƙwabcinsa, abin da ba ya yiwuwa a C-130, inda soja ke zama a kujerar raga jikin bango, farfela huɗu na ruri a kunnensa. Da muka doshi Abuja jirgin ya ɗan yi gargada, wanda ke kusa da ni ya damƙe hannun kujera yana salati. Sai na tuna wani dare a daminar 1990, muna kai wa dakarun ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, kayan aiki a kan hanyar Freetown, babban birnin Saliyo, lokacin da wata shuɗiyar wuta ta fara rawa a jikin gilashin gabanmu kamar jijiyoyin ganye. Wani ƙaramin soja da ya leƙo ya ɗauka gobara ce, alhali lantarki ne da ke taruwa a jikin jirgi idan ya ratsa kusa da gajimaren tsawa, kuma ba ya ƙona komai. Kalma biyu na yi masa hankalinsa ya kwanta. Matuƙin wannan jirgi ma haka ya yi: ya yi magana ta lasifika cikin natsuwa, ya faɗi abin da ke faruwa, nan take aka daina salallami.

Saukarsa ta burge ni, domin bai buga taya ba, bai kuma ci titi da yawa ba. Zan sake bin wannan jirgi, amma daga Disamba zuwa Fabrairu zan riƙa yankar tikiti kwana guda kafin ranar da ake jirana a Abuja.