Wace fuska za ka sa wa Linux: GNOME, KDE, Cinnamon ko Xfce?

Tun da Microsoft ta daina ba Windows 10 kariya ran 14 ga Oktoba 2025 mutane ke ta sallama shagona nan Sakkwato da laftof ɗin gwanjo suna tambayar mi za a yi, tunda Windows 11 ba ta yarda da tsohon inji, sai mai TPM 2.0, wato wani ɗan guntun tsaro na cikin inji, da furosesa ta zamani, in Intel ce zubi na 8 zuwa sama. Ni dai Linux nake ce musu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne da ake sawa a maimakon Windows. To amma Linux ba fuska guda gare ta ba, kai za ka zaɓi wadda za ta riƙa tarbon ka in ka kunna, wato menu, agogo, folda, wurin saiti, duk abin da ido ke gani hannu ke taɓawa.

Kar a raina wanga zaɓi 'yan uwa, don mafi yawan mutane abin da anka sa musu ranar farko shi za su riƙe har injin ya mutu. Ko masu Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, sai da sunka yi ta kai da kawo, a 2013 sunka ɗauki Xfce lokacin shirin Debian 8, a 2014 sunka koma GNOME, cikin dalilansu har da sauƙin aiki ga makafi.

GNOME ita ce fuskar da ke zuwa da nau'in Linux na Fedora, da na Ubuntu tun 2017. Wasu 'yan Meziko biyu, Miguel de Icaza da Federico Mena, sunka fara ta a 1997. Tana da kyau da tsabta, kamar babbar waya take, kuma in laftof sabuwa ce mai ram gig 8 zuwa sama ka shafa yatsa uku ka koma wani aiki, daɗi sosai. Amma dattijon da ya shekara goma yana danna menu ƙasa ta hagu zai zauna yana nema bai gani ba, GNOME ta asali ko maɓallin sauke taga ba ta da shi. Ga nauyi, a inji mai gig 4 da tsohon hadis cikin zafin Afrilu na garin nan za ka ji fanka na ta kuka, in wuta ta ɗauke kuwa ka san batirin gwanjo ba ya jimiri.

KDE Plasma ita nake aiki da ita a tawa laftof, kuma ina son ta har zuciya. Matthias Ettrich ya fara KDE a Jamus a 1996, Plasma 6 ta fito Fabrairu 2024. Zubinta irin na Windows ne, ba ta da nauyin da ake jinginawa gare ta, ga KDE Connect da ke tura hoto da fayil tsakanin waya da kwamfuta ta hotsifot ba tare da ka ƙona data ba. Sai dai komai nata ana iya sauyawa, kuma nan matsalar take ga mai koyo. Akwai yaron da nake koya wa taifin, ya danna dama bisa layin ƙasa yana wasa sai ga shi ya goge layin gaba ɗaya, sikirin ya zama wayam, ya zo yana rawar jiki wai ya lalata kwamfuta. Minti biyu na gyara, amma da a gida ne ba ni kusa fa? Shi ya sa ba na sa ta ga injin da hannu da yawa ke taɓawa.

Cinnamon ta Linux Mint ce, an fara ta 2011 lokacin da mutane da yawa ba su ji daɗin sabon zubin GNOME 3 ba. Ita nake sa wa ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ma'aikata da iyayenmu malamai, don wanda ya saba da Windows ba ya buƙatar bayani, menu na inda ya saba, LibreOffice, madadin Word da Excel, na ciki, kuma Mint 22 za ta ci gaba da samun gyara har 2029. Ram gig 4 ya ishe ta in akwai SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ke maye gurbin tsohon hadis. Fayil ɗin saukarwa kusan gig 3 ne, na Ubuntu 24.04 kusan 6, wanda ke sayen data da kuɗinshi ya san bambanci.

Xfce kuwa ba kwalliya, amma tsohon inji na numfashi da ita, kuma ba ta yawan sauya kama, 4.18 ta fito Disamba 2022, 4.20 sai Disamba 2024. Masu bizines santa wagga ita ce taku, ta Mint ko Xubuntu ko MX Linux. In ram gig 2 ne kacal sai wata fuskar da ta fi ta rashin nauyi, LXQt ta Lubuntu.

Amma Malam kar wani ya ruɗe ka, ko wace fuska ka sa, in ka buɗe shafi goma a Chrome ram zai cika, gara ka sayi SSD da ka yi ta sauya fuska. Kuma ba wadda za ta buɗe maka CorelDRAW, in shi ne abincinka bar inji guda da Windows. Kibod ɗin Hausa mai ƙ, ɗ da ɓ kuwa dukansu suna da shi cikin saiti.

Kafin ka goge komai, zuba su a fulash guda da Ventoy, manhajar da ke ba ka damar haɗa Linux da yawa a fulash guda, ka kunna kowace ba tare da ka sa ta cikin injin ba, ka gwada wayfai da sauti da firinta, sannan ka tashi daga kujera ka zaunar da mai kwamfutar, ka ce ya nemo fayil ya buga takarda ya kashe injin da kanshi, kai kana gefe kana kallo ba ka ce komai ba.