Lulluɓe shuka ko fesa mata ruwa a daren da raɓa ke daskarewa?

Ana yawan tambayata wanne ya fi kare shuka. A daren da sama ta yi garau, iska ta kwanta, ganye kan yi sanyi ƙasa da digiri 0, gari ya waye da farin ƙyalli kamar an barbaɗa gishiri. Gwanin kyau, amma ruwan cikin ganyen ya daskare, da hantsi sai ya yi baƙi.

Lulluɓi ya fi sauƙi da araha. Zane ko buhu yana riƙe ɗumin da ƙasa ta sha da rana, muddin ya sauka har ƙasa. Kada leda ta taɓa ganye, kuma a yaye da safe. Kariyarsa 'yan digiri ne kawai.

Feshi kuwa abin mamaki ne: ruwa na sakin zafi yayin daskarewa, sai ƙanƙarar ta tsayar da ganyen kusa da digiri 0. Sai dai ba a daina feshin sai ƙanƙarar ta fara narkewa. Famfo ya mutu tsakar dare, ko iska ta taso, ɓarnar ta fi ta rashin yi. Ga cin ruwa, ga karya rassa.

Mai 'yan shuke-shuke ya lulluɓe. Mai babban lambu da wadataccen ruwa da injin da ya amince da shi, feshi nasa ne.