Ciyawar Filin Ƙwallo: Wacce Za Ka Saya, Kuma Da Wane Ruwa?

Duk mai makaranta ko shugaban kulob da ke shirin shuka ciyawa a filinsa, ya fara zuwa ya auna abin da rijiyar burtsatsensa ke bayarwa a watan Afrilu. Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68, wato murabba'in mita 7,140. Idan ciyawa ta sha milimita 5 kacal a rana, ruwan ya haura lita 35,000, jarka sama da 1,400 irin ta 'yan ga-ruwa. A tsakiyar bazarar Sakkwato ko Maraɗi kuwa, rana na iya ɗauke fiye da haka.

Shi ya sa a ƙasar Hausa na fi karkata ga Bermuda. Kada sunan ya ruɗe ka, kiri-kiri ce, wadda manomi ke fama da ita a fadama. Halin da ya sa manomi ya tsane ta shi ne amfaninta a fili: tana yaɗo ta sama, tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, inda takalmi ya kwashe ta sai ta sake rufe wurin da kanta. In ruwa ya yi ƙaranci takan yi ja kamar ta mutu, da an ba ta sha ta farfaɗo. Aibinta biyu. Ba ta son inuwa ko kaɗan, don haka filin da darbejiya ta kewaye zai yi sanƙo a gefe. Kuma tana son taki da yanka akai-akai. Wadda aka inganta mai siririn ganye ba ta yin iri, dasa ta ake yi, ta kuma fi son lele. Ga filin makaranta, ta gama-gari ta wadatar.

Paspalum ita aka shimfiɗa a filayen Gasar Cin Kofin Duniya ta Ƙatar a 2022, saboda tana jure gishiri. Idan ruwan rijiyarka na da zartsi, neme ta. Idan ruwanka mai daɗi ne, ban ga dalilin biyan ƙarin kuɗinta ba.

Kikuyu 'yar tsaunukan gabashin Afirka ce. A Jos ko Mambila sai ta yi kyau, a zafin Kano wahala za ta sha.

Saura ciyawar roba, wadda 'yan kwangila suka fi tallatawa da cewa ba shayarwa ba yanka. Gaskiya ne, kuma ga ƙaramin filin haya da ake bugawa har dare, babu ciyawa mai rai da za ta iya wannan dukan. Amma da tsakar rana zafin samanta kan wuce digiri 60, yara ba za su taka ba. Ƙurar hunturu na cika ta, sai an riƙa sharewa da buroshi. Bayan shekara 8 zuwa 10 sai an kwashe an sayi sabuwa, tsohuwar kuma ba ta ruɓewa. Tarayyar Turai ma ta yanke a 2023 cewa daga 2031 za a daina sayar da ɓarɓashin robar da ake zubawa a cikinta.

Kowacce mai rai ka zaɓa, kuɗin da ka kashe a ƙasa ya fi wanda ka kashe a iri muhimmanci. A sa yashi, a ɗan tudunta tsakiyar fili don ruwan Agusta ya gangare. Takin dabbobi sai wanda ya ruɓe sarai, ɗanye yana zuwa da irin ciyayi da gara. A shayar da asuba, a ƙosar sosai sannan a bar kwana biyu ko uku, saiwa ta bi ruwa ƙasa. Yayyafin kullum rago yake mai da ciyawa. Wajen yanka kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta.

A yi dashe a Yuni ko farkon Yuli, damina ta yi maka rainon kyauta. Mai sayarwa kuma ya kai ka filin da ya shuka bara, ka gan shi da idonka kafin ruwan farko ya sauka.